Kafin Ka Miƙa wa Ejan Takardunka

Wanda ya san Kwanar Dangora ya san wuri ne na masu wucewa. A nan titin Kano zuwa Zariya ya yi reshe: ɗaya ya miƙe Kaduna da Abuja, ɗaya ya karkata Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Doguwa ya nufi Jos. Mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba baƙin tafiya ba ne. Tun iyaye da kakanni, da amfanin gona ya shiga rumbu sai samari su ɗaure kaya su tafi cirani. Nisan zangon ne ya canza. Yau ba Kurmi kaɗai ake dosa ba: akwai mai niyyar aikatau a Saudiyya, akwai mai bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, akwai ɗalibi mai neman gurbi a Masar ko Indiya. Da yawansu kuma, tun ƙafarsu ba ta bar gida ba, sunansu da ranar haihuwarsu da hoton fuskarsu da zanen yatsunsu goma sun riga su yin gaba.

Idan aka yi zancen tsare bayanai, mutane kan ɗauka ana nufin wasu gwanayen kutse ne a wata ƙasa mai nisa. Akwai su kam. Amma a ganina ɓarnar da ta fi cin mutanenmu a kusa take: hannun ejan ɗin da aka haɗa ka da shi, kwamfutar shagon kafe, wayar mai POS, wani lokacin ma ɗan ɗakinku.

Ƙaryar da aka haɗa da yatsa

Mu fara da abin da ya fi wuyar gyara. Ejan zai dubi yarinya 'yar shekara 17 ya ce a mayar da ita 23, saboda ƙa'idar Saudiyya ta hana ɗaukar mai aikin gida da bai kai 21 ba. Ko ya ce wa wanda aka taɓa yi wa tarhil, wato aka koro shi daga Saudiyya, ya sauya suna a yi masa sabon fasfo ya koma. Wannan dabarar zamanin da ake gane mutum da suna da hoto ce. Yanzu da yatsa ake ganewa. Lambar NIN ɗaya ce ga mutum ɗaya har ya bar duniya, Hukumar Shige da Fice ba ta ba da fasfo sai abin da ka cike ya dace da abin da ke wajen hukumar NIMC mai ba da NIN ɗin, ita kuma Saudiyya tana ɗaukar zanen yatsu a filin jirgi, tana kuma ɗauka ranar da za ta koro mutum. Wanda ya koma da sabon suna da tsohon yatsa, shi ya kai kansa. Ejan kuwa yana nan Kano, ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Abin da ya faru a Kenya ya isa a yi tunani a kai. A shekarun fari da yunwa, wasu 'yan ƙasar masu asalin Somaliya sun rubuta kansu da 'ya'yansu a matsayin 'yan gudun hijira a sansanin Dadaab don su samu abinci da magani. Aka ɗauki yatsunsu. Da yaran suka girma suka je neman katin ɗan ƙasa, sai kwamfuta ta ce su baƙi ne. An ƙiyasta mutum 40,000 ne suka faɗa wannan rami, wasu suka shekara da shekaru ba aikin gwamnati, ba asusun banki, ba layin waya da sunansu, har sai da babbar kotun Garissa ta ba da umarni a watan Janairun 2025 a cire sunayensu. Iyayen ba mugunta suka yi ba, yunwa ce. Amma 'ya'yan ne suka biya.

To, kafin ka nemi fasfo, ka baje takardunka a tabarma: takardar NIN, abin da ke kan BVN ɗinka, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da sakamakon makaranta idan akwai. A duba harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Habu a wata takarda, Abubakar a wata. Sunan uba a gaba a ɗaya, a baya a ɗaya. Duk wannan kan tsayar da aiki. Idan akwai saɓani, a gyara shi a NIMC tukuna, a kuma gyara zuwa gaskiya, ba zuwa abin da ejan yake so ba. Gyaran ranar haihuwa musamman akwai kuɗi da takardu da jira, kuma ba abu ne da ake yi yau a warware gobe ba.

Layinka da imel ɗinka

Matafiyi yakan kula da fasfo kamar ƙwai, ya manta da ɗan katin layin da ya jefa a aljihun tsohuwar riga. Alhali layin nan shi ne ƙofar komai. Da shi ake danna *565*0# lambar BVN ta fito, da shi ake danna *346# lambar NIN ta fito, ta kansa saƙon banki yake shigowa, ta kansa ake karɓar lambar buɗe WhatsApp. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da aka yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba ana iya rufe shi, idan aka ƙara wasu wata 6 kamfani yana da damar sayar da lambar ga wani. Ke nan wanda ya tafi kwantiragin shekara biyu ya bar layinsa a akwati, zai iya dawowa ya tarar wani baƙo a Aba ko Ibadan ne ke karɓar saƙonnin bankinsa.

Mafita uku ce. Ko ka tafi da layin, ka riƙa sa masa kati kana ɗan amfani da shi jefi-jefi. Ko ka bar shi a ƙaramar waya a hannun mutum ɗaya da ka amince da shi, ya riƙa kira da shi. Ko kuma ka je banki da kanka kafin tafiya a cire lambar daga asusunka. Wasu kamfanonin waya suna da tsarin biyan kuɗi a ajiye maka lamba, ka tambaya a ofishinsu. Kowacce ka zaɓa, ka sa wa katin layin lambar sirri, irin wadda ake tambaya duk lokacin da aka kunna waya. Kada kuma ka haɗa wa mutum ɗaya layi da katin ATM da lambar sirrinsa, sai dai idan da gangan ka mallaka masa asusun. Ba zargin 'yan'uwa nake yi ba. Wayar gidan yawa hannu goma take bi kafin magariba.

Sai imel. Yawancin mutanenmu a shagon kafe aka buɗe musu, yaron shagon ya zaɓi kalmar sirri, ya riƙe a kansa ko a wani littafi. Ta wannan imel biza za ta zo, da tikitin jirgi, da damar sake buɗe duk wata manhaja da ka yi rajista. A buɗe shi a wayarka, a gabanka, a haɗa shi da lambarka ba ta mai shago ba. Idan an riga an buɗe, ka canza kalmar sirrin yau. Wanda bai yi boko ba ya tafi da ɗansa ko ƙanensa ya karanta masa duk abin da ake cikewa da ƙarfi, ya kuma rubuta kalmar sirrin ko da ajami ne ya adana a gida. A WhatsApp ma a kunna tsarin ƙarin lambar sirri mai alƙaluma 6, wadda ba za a iya ɗauke asusun ba sai da ita.

Abin da ejan ke buƙata da abin da ba ruwansa

Ejan na gaskiya yana buƙatar kwafin shafin farko na fasfo, hotuna, da takardun da ofishin jakadanci ya nema. Ba ya buƙatar lambar sirrin ATM ɗinka. Ba ya buƙatar lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wadda ake kira OTP. Ba ya buƙatar ka bar masa wayarka ta kwana. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ka tashi ka kama gabanka, ko da liman ne ya haɗa ku.

Idan za ka ba da kwafi, ka rubuta a jikinsa da biro, ta yadda rubutun zai ratsa gefen hoton: an ba wa wane, don neman bizar kaza, ranar kaza. Kwafin da aka yi wa haka yana da wuyar kaiwa wani wuri a buɗe asusu. Kada ka tura hoton fasfonka cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu don ejan ya ce kowa ya turo nasa a nan. Idan zai karɓi ainihin fasfon, ya ba ka rasit mai suna da adireshin ofis. Ka tambayi lasisi: mai kai ma'aikata waje lasisinsa daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yake, mai kai Umara da Hajjin jirgin yawo nasa daga NAHCON. Aikin gida na halas a Saudiyya ta tsarin Musaned ake rubuta kwantiraginsa. Wanda ya ce ki tafi da bizar Umara, in kin isa a nema miki aiki, to ya shirya miki zaman ɓuya ne. Shi kansa fasfon a shafin Hukumar Shige da Fice ake biya: tun 1 ga Satumban 2025, Naira 100,000 mai shafi 32, Naira 200,000 mai shafi 64, a je a ɗauki hoto da yatsa a ofishin Farm Centre ko na Dawakin Kudu.

Mutanen Kano sun ga abin da suna da lambar tikiti kaɗai za su iya jawowa. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba a Madina saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. A Agustan 2025 irin haka ta sake faruwa da wasu masu Umara uku, hukumar NDLEA ta kama waɗanda ta ce su suka shirya abin. Don haka ka tsaya a gaban kanta har a gama awon kayanka, ka ƙirga 'yan takardun da aka liƙa maka a tikiti su yi daidai da yawan jakunkunanka, ka ɗauki hotonsu da na jakunkunan. Kada ka ba wani fasfo da tikiti ya je ya yi maka awo don gudun layi.

Akwai kuma masu yawo suna sayen NIN da BVN. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce matasa kusan 12,000 ne ke wannan harka, suna biyan Naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000 don a buɗe asusun damfara. Mai shirin tafiya yakan ce ai ni barin ƙasar zan yi. To ai dawowa za ka yi, kuma sunan da ke kan asusun shi za a nema.

Bayan an sauka

A Saudiyya da yatsa ake sayen layi, kuma igamarka, wato katin izinin zamanka, tana haɗe da manhajar Absher. Kada ka saya wa kowa layi da sunanka, kada ka karanta wa kowa lambar da Absher ko manhajar Nafath suka turo, ko da ya kira da Hausa ya ce daga Jawazat, hukumar shige da ficen ƙasar, yake. Ƙa'idar ƙasar ta hana kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, riƙe fasfon ma'aikaci, ana kai ƙorafin ƙwadago ta lamba 19911, ga ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Amma duk ƙorafi da takarda yake tafiya, don haka kwafin fasfo da biza da kwantiragi su kasance a imel ɗinka, wani kwafin kuma a gida hannun mutum ɗaya.

Sirri kuma ba naka kaɗai ba ne. 'Yar'uwa mai aiki a gidan mutane, ki bar ɗaukar bidiyon falonsu da 'ya'yansu kina sawa a TikTok. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ko ba doka, amana ce. Masu neman bizar Amurka su ma su sani, tun 2019 ake tambayar sunayen shafukan sada zumuntar da mutum ya yi amfani da su cikin shekara 5, kuma ɓoyewa kan ja a hana biza.

Waɗanda hanya ta juye da su a Agadas ko Assamaka sukan faɗa hannun ƙungiyoyin agaji irin su IOM da Red Cross, a ɗauki suna da hoto, wani lokacin da yatsa. Ba na cewa a ƙi taimako. Amma kana da ikon tambaya: me za a yi da bayanan, wa za a ba, kuma in na ƙi ba da wani abu za a hana ni abinci? Ka nemi a yi maka bayani da Hausa. Tambayar ba rashin kunya ba ce. A Janairun 2022 aka gano an yi kutse a rumbun ƙungiyar Red Cross ta duniya aka taɓa bayanan mutum sama da 515,000, cikinsu har da masu neman danginsu da suka ɓata. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan 'yan Rohingya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangaladash sun kai ga gwamnatin Myanmar da suka gudo wa, da yawansu ba a fayyace musu ba. Ni dai ba na ɗaukar dangwalen mai jin yunwa a matsayin cikakkiyar yarda. Nauyin yana wuyan mai riƙe da kwamfutar.

Na gida ma da nasu

Iyaye da mata da ƙanne, ku daina sa hoton biza da tikiti a Facebook da sunan godiya ga Allah, ku daina nuna saƙon kuɗin da aka turo. A yankin da ya san tarihin 'yan fashi a dajin Falgore, sanar da duniya cewa gidan wane riyal na shigowa ba dabara ba ce. Ku kuma shirya wata tambaya tsakaninku da matafiyin, wadda ba mai sanin amsarta sai ɗan gida. Ranar da saƙo ya zo daga lambarsa cewa an kama shi a turo kuɗi maza, ku yi tambayar tukuna. Muryar mutum ma yanzu ana iya kwaikwayonta da na'ura. Idan kuma abin ya yi kama da safarar mutane, lambar hukumar NAPTIP ita ce 627.

Mu ma muna karɓar baƙi. Riruwai ta daɗe tana jan masu haƙar kuza, ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke zuwa neman abinci a garuruwanmu. Dokar NIMC ta ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shekara 2 ko fiye damar yin rajista a matsayinsa na baƙo. Wannan ya fi masa alheri a kan sayen takardar shaidar ƙaramar hukuma ya ce shi ɗan Doguwa ne. Kai kuma mai masauki, kada kunya ta sa ka yi wa baƙo rajistar layi da NIN ɗinka.

Doka tana nan

Ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar duk wanda ya karɓi bayananka abin da yake riƙe da shi, ka sa ya gyara kuskure, ka janye yardarka, ka nemi a goge abin da ba a buƙata. Ta sa zanen yatsa da bayanan lafiya da addini da ƙabila cikin abubuwan da ake tsananta wa kariya, ta kuma ce bayanan yaro sai da iznin iyaye. Tarar tana kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan kamfanoni, miliyan 2 ko kashi 2 ga ƙanana, duk wanda ya fi yawa. Hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8 a 2024. A Nijar makamanciyarta ita ce HAPDP. Gaskiya hannun NDPC bai kai ƙauyukanmu sosai ba tukuna, amma ana kai mata ƙara a rubuce, kuma ƙara sai da hujja: rasit, saƙonni, ranaku, sunan shago.

Magana ta ƙarshe ga masu kafe da masu POS da masu rajistar layi, daga Kwanar Dangora har Tudun Wada. Ku ne ofishin wanda bai iya karatu ba, kuma dokar nan ta shafe ku kamar yadda ta shafi banki. Ku goge hotunan fasfo da na NIN daga kwamfuta da waya da zarar aiki ya ƙare. Kwafin da ya lalace a ƙone shi, kada ya koma wajen mai ƙosai ya zama takardar ƙunshi. Ku juya wa mutum allon ya sa kalmar sirrinsa da hannunsa. Ku karanta masa abin da kuka cike kafin ku tura. Idan ejan ya zo da yarinya ya ce a ƙara mata shekaru, ku ce ba a yi a shagonku.